Rigar Tallaja a Hanyar Madina

Ni fa ba a tambaye ni ba. Shi ne abin da har yau yake min ciwo in na tuna tafiyar nan. Na dawo daga wankin mota a unguwar Safa da bokitina da tsummana, yatsuna duk sun yi fari sun tattare saboda sabulu, na tarar an gama shari'ata a ɗakin Inna a Waziriyya, unguwarmu a Jidda, ba tare da an kira ni ba. Kawu zai tafi Madina a ƙafa, kuma ni zan raka shi. Da na nemi jin laifin da na yi, Inna ta ce duk gidan ni kaɗai ne babu kafili, wato ubangidan aiki, da zai neme ni da safe. Na ce to motocin mutanen Safa fa, wa zai wanke musu? Ta ce ita ba ta taɓa jin ƙura ta kashe mota ba.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gadi yake yi a wani sito a unguwar Masana'antu ta Jidda. Siriri ne dogo, bai iya dariya da baki buɗe ba. Yana da fuka tun yana saurayi. In ta tashi, ƙirjinsa kuka yake kamar an matse ɗan kyanwa a bayan ƙofa, sai ya ciro ɗan abin nan da ake fesawa a baki, bakhakh muke ce masa, ya fesa, ya zauna yana kallon ƙasa har ta lafa. Shekarar da ta gabata ta kwantar da shi a asibiti har aka fara kiran dangi. A can ya yi bakance, in ya fito da ƙafarsa, da ƙafar nan zai je ziyara. Ya kuwa fito. Liman ya yi masa magana, likita ya yi, Inna ta yi kuka, duk a banza. Mutum ne da in ya ce zai zo gidanku bayan la'asar, ko gidan yana cin wuta zai zo ya nemi wurin zama.

Matsalar ita ce kaya. Likita ya ce duk abin da za a yi, kada a bar iska mai sanyi ta shiga ƙirjinsa, ita ce take tayar da ciwon. To mu 'yan Jidda ina muka san sanyi? Sanyinmu shi ne a kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe taga, mata su sa wa jarirai hular ulu a ɗauki hoto. A duk gidanmu babu mai kwat. Kawu kuma ƙarshen shita ya zaɓa, wato lokacin da sanyin ƙasar yake shirin tafiya, don kada zafin bakin teku ya gasa mu. Lissafinsa shi ne mu fara da kayan sanyi, in mun kai rabin hanya zafi ya shigo, sai mu sauya.

Mijin yayata ne ya kawo mafita. Mutumin Chadi ne, direban motar kajin ƙanƙara. Yana ɗauko su daga tallaja, babban ɗakin sanyin da ake ajiye su a Masana'antu, yana rabawa garuruwan bakin teku. Ya zo mana da riguna biyu irin na masu aiki a cikin tallajar, shuɗɗa, masu kauri kamar katifa, da hula a haɗe, tsawonsu har gwiwa. Na wasu ma'aikata ne da suka tafi hutu ƙasarsu. Ya ce aro ne, kuma aron da ba a gaya wa kowa ba. Zai same mu a Mastura in ya fito kai kaya Yanbu, ya karɓi rigunan, ya ba mu kayan zafi: lema, 'yan riguna marasa nauyi, da babbar jarkar ruwa. Haɗuwa ɗaya ce. Daga nan hanyarmu ta bar bakin teku, tasa ba ta bi ta can.

Warin rigunan kuwa, ka samu kaza ka ajiye ta shekara a ƙanƙara, ka haɗa da zufar ƙato, ka rufe. Shi ke nan.

Kayan duk a arabiyya muka ɗora su, tsohon keken jarirai da wata maƙwabciyarmu ta gaji da tara gwangwani da shi. Ranar da za mu tashi, Inna ta ja ni kicin ta riƙe min kunne kamar ina ɗan shekara biyar.

"Ba na son labari," ta ce. "Ka dawo min da shi yana numfashi."

Na ce in ya ƙi fa. Ba ta yi dariya ba.

Muka kama tsohuwar hanya, wadda take bin gefen teku. Kawu a gaba da sanda da carbi, ni a baya ina tura keken jarirai kamar wanda matarsa ta gudu ta bar masa. 'Yan dauriyya, wato 'yan sandan sintiri, sun taɓa tsayar da mu, suka duba iƙama, takardarmu ta zama a ƙasar, ɗaya ya leƙa arabiyya yana neman jariri, warin ya buge shi ya ja baya, ya ce mu tafi Allah ya ba mu lada. A masallatan mahaɗɗa muke kwana, wato gidajen mai na kan hanya, inda akwai famfo da mai shayi. Kwanakin farko rigunan sun yi aikinsu. Da asuba akwai ɗan sanyi mai shiga ƙashi, Kawu zai sa tasa yana yamutsa fuska, ya ce ko mala'iku ba za su matso kusa da mai sallah a cikin wannan abu ba. Kyanwoyi dai suna matsowa. Duk mahaɗɗar da muka sauka, sai na farka na ga biyu ko uku sun zagaye shi suna jiran ya mutu ko ya narke. Na ce masa ai ya samu muridai. Ya ce in na sake zai karya min sandar a baya.

Kafin mu kai Rabig abin ya juya. Iska ta tsaya cik, teku ta fara turo gumin nan nata mai danƙo, kwalta tana kama takalmi. Rigunan suka koma kan arabiyya suka zauna, suka cinye wurin ruwa. Arabiyyar ba ta ɗaukar biyun, na gwada, ƙafarta ta baya ta fara karkacewa. Wata rana tsakanin mahaɗɗa da mahaɗɗa ruwanmu ya ƙare da rana tsaka. Na ga leɓen Kawu ya tsage, yana tafiya yana kauce wa layi kamar mai maye. Sai da na tsaya a tsakiyar titi ina kaɗa riga kafin wani mai tirela ya taka birki, ya zage ni tas, sannan ya miƙo mana gora. Tun daga ranar Kawu ya ƙulla da rigunan. Ya ce su suka so kashe shi, kuma gaskiyarsa ne. Ni ma lokacin ina ƙirga sa'ar da zan rabu da su.

Mun riga mijin yayata isa Mastura, sai muka zauna jiransa a wata mahaɗɗa kusa da masu soya kifi. Zamanin babu waya a aljihu, sai kabinar tarho ta bakin titi, shi kuma yana kan hanya, don haka jira kawai. Kawu ya shige masallaci ya miƙe ƙafa. Ni hannuna ba ya iya ganin gilashi da datti ya ƙyale. Na ari bokiti wurin mai kifi, na ce zan goge motocin masu cin abinci shi kuma ya cika min faranti. Ya yarda.

A nan na fara lura da wani abu. Mai wankin mota ba jikin mota kawai yake gani ba, yana leƙa ciki ko bai so ba. Motocin da suka fito daga Jidda tagoginsu a rufe, mukayyif yana aiki, ruwansa yana ɗiga a ƙasa. Waɗanda suka gangaro daga wajen Madina kuwa, sai na ga bargo a kujerar baya, yara da safa, wani har da hula. Ƙasan motocin da jan laka, irin wanda ba a samu a bakin teku. Wata mota na buɗe ƙofa zan goge gilashi ta ciki, na ga maɓallin iska an murɗa shi zuwa ja, wajen iska mai zafi. A Safa na shekara da shekaru ina shiga motocin mutane, ban taɓa ganin wanda ya kai maɓallin nan wajen ja ba. Na ɗauka ma ado ne.

Na tambayi mai motar da Larabci yaya sama take. Ya hura yatsunsa ya girgiza kai, ya ce bayan Badar sai a hankali. Na tambayi wani, ya ce ai halas, ɗan sanyi ne ya zo ya wuce, jiya ma da fanka ya kwana. Na uku ya ce shi bai sauka daga mota ba balle ya sani. To ka ji. Babu wanda zai ba ka magana ɗaya ka riƙe. Kifin da na ci ranar ban san ɗanɗanonsa ba.

Da azahar motar kajin ta shigo. Mijin yayata ya diro da singileti, tawul a wuya, yana cewa Jidda ta zama tanda, mutane har sun fara kwana a kan rufi. Ya sauke lema da jarka da ƙullin riguna, ya gaida Kawu a tsugune, ya ce yalla a miƙo masa kayan mutane, masu su sun dawo daga hutu, tun shekaranjiya suke shiga tallaja da aron na wasu, mai kula da su ya fara tambaya. Kawu da kansa ya ɗauko rigunan da yatsu biyu kamar mai ɗauke da mushe.

Na ce a dakata. Na faɗa musu abin da na gani, bargo, laka, maɓalli. Na ce hanyarmu hawa za ta yi cikin duwatsu, zafin Jidda ba ya hawa dutse. Mijin yayata ya yi dariya ya ce yaushe mai bokiti ya zama mai duba yanayi. Ya ce shi kullum yana kan titi, ya san shita ta tafi. Na ce titin bakin teku ya sani, kuma a cikin mota mai ƙanƙara a baya. Kawu ya ce ya isa, shi ya ga abin da ƙishirwa ta yi masa, ba zai sake barin ruwa saboda tsumma ba. Na ce a bar mana ɗaya, ni zan ɗauke ta a bayana, ba za ta taɓa arabiyya ba. Mijin yayata ya ce ɗaya ko biyu duk aikinsa ne a kai, in aka kore shi ni zan ciyar da yayata da bokiti?

Ban san lokacin da na yi abin ba. Na fizgi ɗaya daga hannun Kawu, na zura, na ja zif har wuya, na ɗora hular, na zauna a ƙasa a tsakiyar mahaɗɗa, rana tana tsakiyar ka. Na ce duk mai son rigar nan sai ya ɗauka da ni a ciki, a kai mu tallaja tare, dama ina neman wurin hutawa.

Masu cin kifi suka bar faranti suka fito kallo. Mijin yayata ya kama hular yana ja, ni na rungume gwiwoyina. Zufa ta fara bin bayana kamar an buɗe famfo, idona yana ganin taurari, amma na san in na saki shi ke nan. Wani tsoho Balarabe ya tambaya ko aljanu ne, a kawo ruwa a yi min tofi. Kawu yana tsaye, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin don kunya. Mutumin da ko tari ba ya son yi a gaban baƙi, ga ɗan ƙanwarsa yana birgima a gidan mai. Ya ce in tashi. Na ce sai an bar rigar. Ya sake cewa in tashi. Na ce Inna ce ta aiko ni, ba shi ba.

A nan ya ɗaga yatsa sama.

"Wallahi tallahi, in ka riƙe ta, kai za ka sa abarka. Ƙazamar rigar nan ba za ta sake hawa jikina ba."

Mijin yayata ya saki hular a hankali. Shi ma ya san Kawu. Ya ce, a ƙasa-ƙasa, da Kawu bai rantse ba. Ya tsaya yana kallona kamar zai tofa min yawu, sannan ya ɗauki ɗayar ya jefa a gaban mota, ya ce zai ce wa mai kula da su an kai wanki, in ƙaryar ta ƙare kuma ya san inda zai same ni. Ya tayar da mota ya tafi ko sallama bai yi min ba.

Na ci nasara ke nan. Ina da riga, kuma mutumin da na riƙe ta dominsa ya rantse ba zai sa ba.

Daga Mastura zuwa Badar ita ce tafiya mafi muni da na taɓa yi. Hanyar ta juya wa teku baya ta shiga fili, babu inuwa ko ta sandar lantarki. Zafi ya ƙaru. Kawu yana gaba cikin farar rigarsa shara-shara, da lemarsa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ni ina baya, jarka cike a arabiyya, rigar tallaja a naɗe a ɗaure a bayana da igiya. Inda take kwanciya duk ƙuraje suka feso. Ƙudaje suka maye gurbin kyanwoyi. Kawu ya daina min magana sai abin da ya zama dole, ruwa, sallah, tashi. Sau ɗaya ya juyo ya tambaye ni ko sanyin ya fara damuna, ya ara min lema in rufa. Na ce a'a, na gode, ya khali, yadda Larabawa suke kiran kawu, ina jin daɗina.

Gaskiya a Badar na kusa ajiye ta. Mun kwana a wani masallaci, fanka tana juyawa, ina kallon rigar a lungu ina cewa wataƙila mutumin fankar nan shi ne mai gaskiya. Na jawo wa mijin yayata fitina, na kunyata Kawu a gaban Larabawa, na sa shi rantsuwa, duk a kan maɓallin motar wani. Da safe har na fita na bar ta a wurin takalma. Na tura arabiyya na kai bakin titi, sai na ji Kawu ya yi wani ɗan tari, guda ɗaya, busasshe. Na ce na manta wani abu. Da ya ga abin da na dawo da shi sai ya buɗe lemarsa kawai.

Bayan Badar ƙasa ta fara tashi. Duwatsu baƙaƙe suka matso dama da hagu, hanya tana lanƙwasa a tsakaninsu, turin arabiyya ya koma aikin jaki. Da farko daɗi ma muka ji, gumi ya bushe, iska tana kaɗawa. Kawu har ya ɗan sake, ya ba ni labarin yadda kakanmu ya taho daga Damagaram a ƙafa ba shi da ko takalmi. Na ce shi ya sa ba a taɓa ganin hotonsa yana dariya ba. Mahaɗɗa suka fara nisa da juna. Motoci ma suka ragu, don yawancinsu sabuwar hanya suke bi.

Ranar da abin ya faru, mun yi sallar asuba a wani ɗan masallaci, muka fita gari yana wayewa. Sama ba ta yi haske yadda ta saba ba, ta yi toka-toka. Muna cikin wani kwari mai tsawo sai iska ta juyo daga gabanmu. Ban taɓa jin irinta ba. Ba kaɗawa take ba, yanka take. Ta shiga ta wuyan rigata ta fita ta ƙafa. Lemar Kawu ta juye ta koma kamar kwando, ƙarafanta biyu suka karye. Sai yayyafi, siriri, a karkace, kowane ɗigo kamar tsinin allura.

Farar rigar Kawu ta manne a jikinsa har ina ƙirga haƙarƙarinsa. Bai tsaya ba. Na kwance rigar tallaja daga bayana na bi shi da ita a hannu, ya yi kamar bai gan ni ba. Muka yi tafiya haka, ban san iyakarta ba. Sannan na fara jin kukan. Duk da iskar ina jin sa, siririn fito daga ƙirjinsa duk lokacin da ya ja numfashi. Takunsa ya gajarce. Ya tsaya ya dafa sanda da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka.

A gefen hanya akwai kangon wata tsohuwar rumfar shayi, bango biyu da rabin rufi. Na ja shi can, na zaunar da shi a inda iskar ba ta bugawa sosai. Ya ciro bakhakh, na riƙe masa. Ya fesa. Na karɓa na girgiza kusa da kunnena, abin da ya rage a ciki ba shi da yawa. Kukan ya ɗan sauka, bai tafi ba. Na fita titi na tsaya. Mota ɗaya ta wuce a guje, gilashi a rufe, ko kallona ba a yi ba. Na jira wata, babu. Baya nisa, gaba ban san me ke akwai ba.

Na dawo na tarar ya yafa darduma a kafaɗa, ita ma a jiƙe. Na haɗa masa da sauran rigunan zafin, duk shara-shara, kamar ka rufe mutum da gidan sauro. Leɓensa ya fara canja launi. Na durƙusa a gabansa da rigar tallaja a buɗe. Cikinta a bushe yake, da ɗumin bayana ma a jiki.

Na roƙe shi. Ni da ban iya roƙo ba, ranar na yi. Na ce ya yafe min abin da na yi a Mastura, ni ne jaki, ni ne mara kunya, in mun koma ya tara dangi ya zane ni. Ya girgiza kai. Na ce ya tuna Inna. Ya ce, yana yanka maganar gunduwa-gunduwa saboda numfashi, Inna ba ta cikin wannan. Na ce to ni zan danne shi in sa masa da ƙarfi, ai na fi shi ƙarfi. Ya ɗago ido ya kalle ni, na san in na taɓa shi zai yi kokawa da ni da ɗan numfashin da ya rage masa, kuma a hannuna zai ƙare. Na janye.

Ni ma lokacin haƙorana suna haɗuwa. Rigar tana hannuna, ban sa ba, don in na sa ya ga kamar na haƙura. Muka zauna mu biyu muna rawar sanyi, da riga mai ɗumi a tsakaninmu babu kowa a ciki. In da wani ya leƙo kangon nan da ya ce mahaukata ne suka gudo daga asibiti.

"Kawu, mutuwa za ka yi a nan."

"Magana ɗaya na ba Allah," ya ce, ya tsaya ya ja iska, "ita ta fito da ni hanyar nan. In karya wata, a kan hanyar?"

Na ce ai in ya mutu a kangon shayi ta farkon ma ta karye, Madina ba ta zuwa ta same shi a nan. Ya rufe ido, kukan ƙirjin ya sake hawa. Na girgiza kafaɗarsa don kada ya yi shiru da yawa.

Makarantar allo ban yi nisa ba, ta boko ma a aji na tsakiya muka rabu da ita lafiya, amma na sha zama a bayan masallaci ina jiran a idar in goge motar liman, kunne kuma ba ya rufuwa. Na ce masa na ji malamai suna cewa rantsuwa tana da kaffara, in mutum ya ga abin da ya fi alheri sai ya yi shi ya biya. Ya buɗe ido. Ya sani, ya fi ni sani. Ya ce ba a wasa da ita, ba a rantsuwa da safe a warware da yamma kamar ɗaurin zani. Na ce wannan ba wasa ba ne, ya dubi farcensa. Ya duba. Sun yi shuɗi kamar rigar.

Ya daɗe yana kallonsu. Iska ta ɗaga wani kwano a rufin ta maka shi da bango. Da ya sake magana muryar ta sauka, faɗan ya fita daga cikinta, saura taurin kai kawai, irin na wanda yake neman inda zai dafa ya sauko.

"Miskinai goma ake ciyarwa," ya ce. "A cikin duwatsun nan, ina zan samu miskinai goma?"

A cikin rigar nan ya shiga Madina daga baya, da ƙafarsa, yana warin kaza, yana numfashi. Amma a kangon, abin da na gani kawai shi ne hannunsa na dama ya ɗago yana laluben hannun rigar tun ban gama ba shi amsa ba, kuma bai sake ta da zancen rantsuwar ba. Ce masa na yi:

"Ga ɗaya yana riƙe maka da riga. Zura hannunka, sauran taran ma nemo su a Madina."